Wa Zai Tantance Abin da Aka Rubuta Kan Gobir?

A ranar 21 ga Maris, 2024, Ma'aikatar Lafiya ta Jihar Sakkwato ta sanar da NCDC, hukumar da ke yaƙi da cututtuka masu yaɗuwa, cewa ana kawo yara daga Ƙaramar Hukumar Isa da kumburin ciki da zazzaɓi da amai da rama. Kafin tsakiyar Afrilu shugaban hukumar, Dokta Jide Idris, ya shaida wa manema labarai cewa mutum 164 ake zaton sun kamu a mazaɓu shida, huɗu sun rasu, kuma gwajin farko ya nuna alamun dalma a jinin wasu daga cikin waɗanda aka fara gwadawa. Babu mujallar ilimin da ta tantance wannan bayani kafin a faɗe shi, kuma babu mai hankalin da zai ce a dakata sai ta tantance. Uwar da ke riƙe da yaro mai kumburarren ciki a mazaɓar Bargaja ko Tozai tana bukatar ta san yau ko ruwan rijiyarsu abin sha ne. Amma da wani malamin tarihi zai kira 'yan jarida ya ce ya gano ba rikicin sarauta ne ya sa Ɗan Halima ya bar Tsibiri ya kafa Sabon Birni ba, abokan aikinsa za su ce masa ya je ya rubuta, ya faɗi wanda ya gaya masa da takardar da ya gani, ya ba su lokaci su duba ko da shekara biyar ce.

Dukkan biyun ilimi ne, dukkansu kuma sai an duba su kafin a dogara da su. Sai dai duban ba iri ɗaya ba ne, kuma bai kamata ya zama iri ɗaya ba. Kowane fanni ya gina hanyarsa ta tantancewa ne bisa abu biyu: irin hujjar da mai bita zai iya sake dubawa da kansa, da irin ɓarnar da kuskure zai jawo idan ya wuce. Jami'o'inmu kuwa sun karkata ga ma'auni ɗaya ga kowa, wato maƙala nawa ka buga kuma a wace mujalla. Ina ganin wannan kuskure ne, kuma yanki irin Sabon Birni da Isa, inda mafi yawan abin da aka sani ba a cikin mujallu yake ba, shi ne ya fi cutuwa da shi.

Da farko dai, tsarin bitar masana da ake ɗauka kamar tare da kimiyya aka haife shi, ɗan kwanan nan ne. Mujallar ƙungiyar masana ta Royal Society da ke Landan ta fara fitowa a 1665, amma sai a shekarun 1830 ƙungiyar ta fara neman rubutaccen rahoton masu bita a kai a kai. A 1936 Albert Einstein ya aika maƙala ga mujallar Physical Review, edita ya mayar masa da ita tare da gyare-gyaren wani masanin da ba a faɗi sunansa ba, shi kuwa ya fusata ya janye ta, domin bai saba da haka a Jamus ba. Mai bitar ne ke da gaskiya. Mujallar Nature ba ta wajabta bitar masana na waje a kan kowace maƙala ba sai 1973, shekara biyu kacal kafin a kafa jami'ar da yanzu ake kira Usmanu Danfodiyo. Tun daga lokacin kowane fanni ya bi tasa hanya. A yawancin mujallun tarihi da adabi, marubuci bai san mai bita ba, mai bita bai san marubuci ba. A yawancin na kimiyya mai bita ya san marubuci, shi ne ake ɓoyewa. Mujallar likitanci ta BMJ kuma tun 1999 take sa mai bita ya sa hannu a kan rahotonsa.

Likitanci ya fi kowane fanni tsanani, kuma dalilin a fili yake, kuskurensa rai yake ci. Shi ya sa mafi nauyin tantancewarsa ba a ƙarshen aiki take ba, a farkonsa take. Kafin a taɓa majinyaci sai kwamitin ɗa'a ya amince, kuma tun 2005 manyan mujallun fannin ba sa karɓar sakamakon gwajin magani sai an yi masa rajista tun kafin a fara, don kada mai bincike ya ɓoye abin da bai yi masa daɗi ba. Mu a Arewa mun san tsadar wannan darasi. A annobar sanƙarau ta 1996 an gwada maganin Trovan a Kano cikin wani gwaji da ya shafi yara kusan 200, 11 suka rasu, shari'a kuma ta ja har 2009. Amma duk da tsananin nan, likitanci ya san lokacin da ba a jiran mujalla. Da gubar dalma ta ɓulla a ƙauyukan Zamfara irin su Dareta da 'Yargalma a 2010, ta kashe yara sama da 400, likitocin ƙungiyar agaji ta MSF sun fara magani an kuma fara kwashe gurɓatacciyar ƙasa a cikin shekarar. Cikakkiyar maƙalar da aka tantance a kan binciken farko sai 2012 ta fito. A tsakanin nan abin da ya tsare gaskiya shi ne jini da ƙasa, waɗanda za a iya aikawa wani ɗakin gwaje-gwaje a sake aunawa. Tambarin mujalla kuwa bai taɓa zama garanti ba ko a wannan fanni. A wani gwaji da aka buga a 1998, an cusa kurakurai takwas da gangan cikin wata maƙala aka aika wa masu bitar BMJ, matsakaicin abin da kowannensu ya kama biyu ne. A shekarar ce kuma The Lancet ta buga maƙalar Andrew Wakefield da ta danganta allurar rigakafi da wata larurar ƙwaƙwalwa, ba ta janye ta ba sai 2010. Wanda ya ga abin da jita-jitar rigakafin shan inna ta yi wa Arewa a 2003 ya san girman wannan ɓarna.

Lissafi shi ne fannin da mai bita ke iya duba komai, domin hujjar gaba ɗaya a kan takarda take. Da Andrew Wiles ya sanar a 1993 cewa ya warware matsalar Fermat, ɗaya daga cikin masu bitarsa, Nick Katz, ya bi aikin layi-layi har ya tarar da giɓi. Sai da aka yi shekara guda ana gyara kafin a buga a 1995. Masana kimiyyar fiziks kuwa tun 1991 suke zuba ayyukansu a rumbun arXiv na intanet kafin mujalla ta gani, dubban abokan aiki su karanta su yi raddi. A fannin kwamfuta babban taron shekara ya fi mujalla daraja, kuma da wani babban taronsu ya gwada ba kwamiti biyu maƙaloli iri ɗaya a 2014, sun saɓa a kan kusan kashi ɗaya cikin huɗu. Duk waɗannan fannoni ne masu mutunci, babu kuma wanda ke yi wa wani dariya don hanyarsa ta bambanta.

Tarihi ne ya fi wuya, tarihin Gobir kuma yana cikin mafi wuya. Mai bitar maƙalar tarihi ba zai iya sake yaƙin Alƙalawa na 1808 a ɗakin gwaji ba. Abin da kawai zai iya shi ne ya tambayi daga ina marubuci ya samo, wa ya faɗa, yaushe, kuma me mai faɗar ke nema. A nan ne matsalar take. Rubutattun bayanai mafi tsufa da cika a kan ƙarshen daular Gobir sun fito ne daga hannun waɗanda suka ci ta da yaƙi: Infaƙul Maisuri na Muhammadu Bello da Tazyinul Waraƙati na Abdullahi ɗan Fodiyo. Manyan malamai ne, shaidun gani da ido ne, amma ɓangare ɗaya ne na rikicin. Ɓangaren sarakunan Gobir irin su Yunfa da Nafata da Bawa Jan Gwarzo ya fi rayuwa a bakin makaɗan fada da dattawan gidajen sarauta, kuma bayan yaƙin Gawakuke na 1836 gidan ya rabu, wasu a Tsibiri, wasu daga baya a Sabon Birni wajen 1860, kowane reshe da yadda yake jera sarakunansa. Sai Turawa suka zo suka ja iyaka a tsakiyarsu. Abin da aka tattara a ɓangaren Nijar, tun daga bayanan da tafinta Landeroin ya rubuta lokacin aikin shata iyaka na Tilho har zuwa ayyukan Guy Nicolas a Maraɗi da na Djibo Hamani a kan Adar da Azbin, da Faransanci yake. Abin da aka yi a ɓangarenmu da Ingilishi yake, kuma aikin da masu nazarin Gobir suka fi komawa gare shi shi ne kundin digirin Abdullahi Rafi Augi na 1984 a Jami'ar Ahmadu Bello, kan rawar Gobir a tarihin ƙasar Rima, kamar yadda masu nazarin Zamfara ke komawa ga kundin Garba Nadama na 1977.

To, wa ya isa ya tantance maƙala a kan Gobir? Sai wanda ke karanta Larabcin malaman ƙarni na 19, yana jin Faransanci, yana jin Hausar Gobirawa ta yadda zai gane inda kirari ya ƙare labari ya fara, ya kuma taɓa riƙe kundin Augi. Irin waɗannan ba su da yawa a duniya, kuma yawancinsu a Sakkwato da Zariya da Kano da Yamai da Maraɗi suke. Babbar mujalla a Ingila na iya aika maƙalar ga ƙwararru biyu a tarihin Afirka, su yaba tsarinta da dacewarta da muhawarar da ake yi a fannin, alhali ba mai iya gane cewa jerin sarakunan da aka dogara da shi na gida ɗaya ne, wani gidan yana musanta shi. Wannan ba zargi ba ne a kansu, iyakar abin da ke gabansu ke nan. Shi ya sa tantancewar gaskiya a fannin tarihi takan zo ne bayan bugu, cikin sharhin littafi da raddi da raddin raddi, wani lokaci shekara goma ana yi. Haka marigayi Yusufu Bala Usman ya yi wa bayanan Heinrich Barth a kan Katsina, ya nuna cewa wanda ya gani da ido ma sai an tambayi ta wace kafa ya leƙa. Bello kansa ya bar abin koyi a nan, domin ya sa wasiƙun Shehu Al-Kanemi na Barno masu sukar jihadin a cikin littafinsa, tare da amsoshinsa, har mai karatu ya iya auna su da kansa.

Akwai wani fanni kuma da ya fi shafar mutanen yankin a yau, wato binciken matsalar tsaro. A Satumbar 2021 Dokta Murtala Ahmed Rufa'i na sashen tarihi a Jami'ar Usmanu Danfodiyo ya gabatar da laccar da ya kira I Am a Bandit, sakamakon shekarun da ya yi yana shiga daji yana zantawa da 'yan bindiga. A taron ƙara wa juna sani ya gabatar da ita, gaban malamai da jami'ai da mutanen da abin ya shafa, kuma ta yi tasiri a muhawarar ƙasa fiye da maƙaloli da yawa masu tambarin mujalla. A watan ne kuma aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14 na Jihar Sakkwato, har da Isa da Sabon Birni. A irin wannan hali, a ce mai bincike ya rubuta cewa ƙauye kaza na biyan 'yan bindiga haraji kaza kafin a bar su su yi girbi. Mai bita ba zai je ya gani ba, marubuci kuma ba zai faɗi sunan wanda ya gaya masa ba, don faɗar na iya zama ajalin mutumin. A ɗaya gefen kuma akwai maƙalolin alƙaluma, masu ɗaukar adadin hare-hare daga rumbunan da ke tattara rahotannin jaridu su yi lissafi a kai. Mai bitarsu zai duba lissafin da kyau ya ce ya yi. Amma harin da aka kai ƙauyen da ba waya, ba ɗan jarida, mutanensa kuma suka tsallaka Gidan Rumji a Nijar cikin dare, bai shiga rumbun ba tun farko. Ƙona motar matafiya da aka yi a yankin Sabon Birni a Disambar 2021, da kisan Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, a Agustan 2024, duniya ta ji su. Na ƙananan ƙauyuka da yawa ba a ji ba. Maƙalar da ta fi sauƙin wucewa gaban mai bita ita ce ta alƙaluma, ba kuma lallai ita ce ta fi kusa da gaskiya ba.

Duk da wannan bambanci, malamin da ke neman ƙarin girma a jami'o'inmu yakan tarar da ma'auni kusan ɗaya: a ƙirga maƙaloli, a fifita waɗanda ke cikin rumbun Scopus, a ba kowace maki. Likita ko masanin sinadarai na iya fitar da gajerun maƙaloli da dama a shekara tare da abokan aiki shida ko goma, saboda abin da fanninsu ya gada ke nan. Malamin tarihin da zai kwashe shekara shida yana bin gidajen Sabon Birni da Isa da Tsibiri yana naɗar bakin dattawa, yana gwada shi da takardun Larabci, ya fitar da littafi ɗaya, shi ne zai zauna a matsayi ɗaya yana kallon ƙannensa suna wuce shi. Mai wayo sai ya bar wannan aiki, ya yanka kundinsa gida takwas, ya rubuta abin da zai shiga mujallar waje. Dattawan da ke riƙe da labarin kuwa suna mutuwa, wasu a gudun hijira.

Masu kare ma'auni ɗaya suna da hujja, kuma mai ƙarfi ce. Suna cewa da zarar an bar kowane sashe ya auna kansa, sai a koma ga sanayya: mujallar sashe wadda shugaban sashe ne editanta, abokinsa ne mai bita, ɗalibinsa ne marubuci. Suna nuna mujallun ci-da-ceto masu buga duk abin da aka biya wa kuɗi. Gaskiya ne, kuma an gwada an gani. A 2013 ɗan jarida John Bohannon ya aika maƙalar ƙarya mai cike da kurakurai ga mujallu 304, sai 157 suka karɓa. Na yarda cewa a fannin da masanansa ba su da yawa, ɓoye suna ba ya ɓoye kowa, don duk wanda ya karanta shafi biyu kan Gobir ya san alƙalamin wane ne. Sai dai maganin da suka kawo bai warkar da cutar ba. Ƙirgar maƙaloli ce ma ta buɗe wa mujallun bogi kasuwa, tunda wanda aka ce sai ya kawo ashirin zai nemo ashirin ko ta halin ƙaƙa. Kuma ba a gyara son kai ta hanyar miƙa hukunci ga wanda ba zai iya duba hujja ba. Ana gyara shi ne da fito da hukuncin fili. Inda ɓoye suna ba ya aiki, a sa mai bita ya sa hannu, a buga rahotonsa tare da maƙalar, kunyar idon abokan aiki ta yi abin da ɓoyo ya kasa. Masana ma sun yi gargaɗi kan waɗannan ma'aunai: sanarwar San Francisco ta 2012 ta ce kada a auna mutum da sunan mujalla, ta Leiden ta 2015 kuma ta ce a kula da bambancin fannoni.

Wasu kuma daga ɗaya ɓangaren sukan ce mu koma ga namu na gado, inda malami ke ba ɗalibi ijaza bayan ya karanta littafi a gabansa, silsilar malamai ta zama shaida. Akwai abin ɗauka a ciki, musamman cewa mai ba da ijaza yana sa sunansa da mutuncinsa a kan abin da ya shaida. Amma ijaza mutum take tantancewa da ingancin abin da ya karɓa daga na gaba da shi. Ba a gina ta don auna sabon da'awar da ta saɓa wa malamin ba, ba ta kuma gaya maka ko akwai dalma a jinin yaro. Ɗora ta a kan kowane fanni zai zama kuskure irin na masu ɗora Scopus a kan kowa.

Ba sai an je nesa ba kafin a ga wani tsari. Malami a Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ta Maraɗi yana neman ƙarin girma ne ta hannun CAMES, majalisar ilimi mai zurfi ta ƙasashen Afirka masu amfani da Faransanci, wadda aka kafa a 1968, hedkwatarta kuma tana Wagadugu. Takardunsa kan tafi gaban kwamitin fanninsa ne, mai mambobi daga ƙasashe dabam-dabam, kuma kwamitin adabi da nazarin ɗan'adam daban yake da na likitanci ko na lissafi. Tsarin yana da masu sukarsa, amma ya haɗa abu biyu da muke ɗauka ba sa haɗuwa: masu hukunci na waje ne, kuma 'yan fannin ne. Mu ma muna da tushen haka, tunda ana aika ayyukan mai neman kujerar farfesa ga masana na wajen jami'arsa. Abin da ya rage shi ne a daina tace mutum da ƙirga kafin takardunsa su kai gare su.

A aikace, sashen tarihi a Sakkwato na iya sa malamin Maraɗi ko Yamai cikin masu bitar duk aikin da ya shafi Gobir, su ma su yi haka, don kowane ɓangare na riƙe da rabin hujjar. Mai binciken da ya naɗi hira da dattawa ya ajiye kwafin muryoyin a Gidan Tarihi na Waziri Junaidu ko a Arewa House da ke Kaduna, don wani ya iya saurara ya ce ba haka aka faɗa ba. Na binciken tsaro kuma a rufe su da sharaɗi, masu bita kaɗai su ji, ba tare da sunaye ba. Kundayen digiri irin na Augi a ɗauke su a na'ura a sa inda ɗalibi a Isa zai iya buɗewa da wayarsa, kuma kwamitocin ƙarin girma su ba wanda ya gyara tsohon rubutun Larabci ko na Ajami ya buga shi maki irin na wanda ya rubuta littafi. Su kuma hukumomin lafiya da suka yi daidai da suka yi magana da wuri a kan yaran Isa, akwai sauran nauyi a kansu: cikakken sakamakon gwajin jini da ruwa da ƙasa da hatsi ya kamata ya kasance a buɗe, inda likitocin Asibitin Koyarwa na Sakkwato da takwarorinsu na Maraɗi za su iya dubawa su yi tambaya, domin ƙasar da ruwan iri ɗaya ne a ɓangarorin iyakar biyu.